Fura, kantu da alkaki: tarihin Damagaram ta bakin murhu

Makon jiya, a darasin tarihi, na tambayi ƴan ajina na shida wane abinci za su ajiye wa baƙo su ce masa wannan shi ne Damagaram. Hannuwa suka tashi. Wani ya ce kilishi, wata ta ce alkaki, wani ɗan Zango ya ce shinkafa da kaza aka yi masa dariya. Can baya wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Mushe, hura." Aji ya sake fashewa, har da mai cewa ai hura abin sha ce, kuma ta mutanen ƙauye. Na tsawata musu, muka koma kan sarakuna da shekarunsu kamar yadda manhaja ta tsara. Amma tun ranar abin yake cina, domin yarinyar nan ita ce ta ba da amsar da mai nazarin tarihi zai bayar, ni kuwa ban tsaya na gaya wa aji dalili ba. Wannan rubutu biyan bashinta ne. A bakinmu hura ce, amma zan rubuta fura saboda ƴan'uwa masu karatu daga Kano da Zariya.

Ni kaina ban san matsayin fura ba sai da aiki ya kai ni Kawar. Bayan na fito makarantar horon malamai na yi ƴan shekaru a wani ƙauye arewa da Tanut, sannan aka tura ni cikin Sahara, kusa da Bilma. Dabino a can sai ka ture, gishiri kuwa a ƙasa ake haƙarsa, amma ko zangarniya ɗaya ta hatsi ba ta fitowa, don akan shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba. Na yi wata 2 ina cin taliya da shinkafar kanti, ciki yana cika amma rai bai kwanta ba. Ran nan, wajen ƙarshen Oktoba, yara suka watse daga aji ba izini suna ihu ayari ya sauka. Da la'asar na ji wata ƙara da rabona da ita tun barina gida, wato taɓarya a cikin turmi. Matar mai gidan da nake haya ce take surfe. Kashegari ta aiko mini da ƙwarya, an dama da nonon akuya, yajin ma bai ji ba. Da innata ta ga wannan damu da ta ce farau-farau ne. Na shanye tas, na shiga ɗaki na turo ƙofa, don bai kamata ɗalibai su ga idon malaminsu a wannan hali ba.

Hatsin da aka daka mini ran nan ya bi ta Abzin, ya ratsa Tenere a bayan raƙumi. Wannan hanya ta girmi masarautar Damagaram, kuma a kanta masarautar ta yi ƙiba.

Mu nan in an ce hatsi, gero ake nufi, kamar sauran tsaba baƙi ne. Kusan haka ɗin ne kuwa. Masu tonon kayan tarihi sun samo alamar geron noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali wadda ta kai wajen shekara 4,500. Gero ɗan gida ne a jigawa, yana nuna da ruwan da ba zai ishi masara ba, kuma in an zuba shi a rumbu da zangarniyarsa sai ya yi shekaru bai lalace ba. Abzinawa suna da raƙuma da hanya, mutanen Bilma da Fashi suna da gishiri da dabino, amma dukansu ba su da abin da za su ci. Abincinsu yana Damargu da kudancinta. Saboda haka kowace kaka ayari yakan ɗauki hatsi ya shiga Tenere, ya sauke, ya ɗoro kantu da beza da dabino, ya huta a Abzin, sannan ya gangaro kudu ya yi rani a ƙasar Hausa yana sayarwa, raƙuma suna cin kara suna bar wa manomi taki. Faransawa sun ƙiyasta raƙuman ayarin 1906 wajen 20,000. Manyan Abzinawa, musamman Kel Ewey, har ƙauyukan noma suka mallaka a Damargu don kada hatsin ya yanke musu. Unguwar Zango ta garinmu masaukinsu ce, sunanta ma ya faɗa.

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali daga Malam Yunus, wajen 1731, kuma a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaimanu ya dawo da gadon sarauta Zinder. Ƙaramar ƙasa ce a lokacin, tana kai gaisuwa Borno. Abin da ya ɗaga ta shi ne ta zauna a mararraba, inda hatsin kudu yake haɗuwa da gishirin arewa da na gabas, kuma inda fataken Tarabulus suke yada zango kafin Kano ko Kukawa. Yaranmu sun haddace cewa Sarki Tanimu, wanda ya yi wajen shekara 30 a kan gado ya rasu a 1884, shi ya gina ganuwar Birni, ya sa maƙera suka zuba masa igwa, ya kai ikonsa har Muniyo. Marigayi André Salifou, ɗan garin nan, ya rubuta littafi guda a kan masarautar a 1971, ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan Tanimu. Tambayar da ba mu yi wa yara ita ce, masu ɗebo ƙasar ganuwar nan me suka sha da rana? Ƴan bindiga da barade da dawakansu, wa ya ciyar da su? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Zakkar hatsi da ake tarawa daga ƙauyuka ita ce baitulmalin farko, kafin wuri da kafin dala.

Akwai wani ɓangare kuma da ba mu son taɓawa in muna yabon zamanin da. Da yawa daga hannuwan da suka noma hatsin nan suka daka shi hannuwan bayi ne. Baturen Ingila James Richardson ya sauka Zinder a Janairun 1851, zamanin Sarki Ibrahim, kuma ya rubuta yadda ya ga ana shigo da kamammu gari bayan hari, mata da yara a ciki. Wasu aka ratsa Sahara da su, wasu aka zaunar da su a gandaye da cikin gidajen manya. Gidan da ake dama wa mutum ɗari fura kullum, sai ka lissafa turame nawa ne suke aiki tun asuba, kuma ba matan sarki ne a bakinsu ba. Ina ganin rainin da yarana suka yi wa fura yana da jijiya a nan. An daɗe ana ganin daka aikin wanda ba shi da zaɓi ne.

Aikin kuwa ba kaɗan ba ne, ga wanda bai taɓa tsayawa ya kalla ba. A surfe, a bakace, a wanke, a daka, a tankaɗe. A zuba citta da kanumfari da barkono, a cura, a jefa cikin tafasasshen ruwa. In ya dahu a mayar turmi a kirɓa har ya yi danƙo, a sake curawa a birkiɗa cikin gari. Wannan shi ne dawo. Hikimarsa ita ce yana tafiya. Manomi ya ɗaure shi ya tafi gona, falke ya sa a jaka, inda duk aka sami ruwa ko aka gamu da Bafillatana mai nono an yi kalaci, ba wuta ba tukunya. Heinrich Barth, wanda ya yi fiye da wata guda a Zinder daga Disambar 1852, ya ambaci fura a labarin tafiyarsa cikin ƙasar Hausa, da alama shi ma ta cece shi a hanya. In tafiyar mai nisa ce sai a haɗa garin hatsi da dabino da cuku a daka tare. Tukuɗin da muke yi wa biki yanzu guzurin ayari ne, kuma in ka duba, kayansa uku daga wurare uku suke: hatsin Damargu, dabinon Kawar, cukun Abzin.

Gishiri ma ba ɗaya ba ne a tukunyar kakanninmu. Kantu, wanda ake zubawa a mazubi ya fito kamar turmi, galibi na dabbobi ne. Beza ita ce ta miya. Daga gabas kuma, ƙasar Manga da Muniyo, ake kawo mangul, wanda ake tace ƙasa a dafa ruwanta har ya daskare, da kanwa iri-iri. Shi ya sa kama Muniyo da Tanimu ya yi ya wuce ƙarin ƙasa, hannu ya sa a kan kanwa. Ba tuwon da zai yi daɗi ba ita, ba wake da zai nuna da wuri, ba mai jego da za ta yi arba'in ba ta sha kunun kanwa ba. Ita ma daddawarmu ta batso, ta gurguzun yakuwa, ƙasa ce ta zaɓa mana ita, tunda ɗorawa ba ta son arewa kamar nan. Duk ɗalibin da ya taɓa tafiya karatu Yamai ya san yadda ƙullin batso yake tona asirin jaka a cikin mota, ya kuma san ba zai yarda a bar shi a tasha ba.

Burabusko kuwa gadon Borno ne, kamar yadda Ciroma da Kaigama suke gadon Borno a fada. Mun daina kai gaisuwa Kukawa tuntuni, amma ranar suna ko walima har gobe sai an turara shi.

To, sai alkaki, wanda yarana suka fi alfahari da shi. Ba na musu, alkakin Damagaram ba shi da na biyu, kuma duk wanda ya tashi Yamai ba da shi ba sai ya sha tambaya. Amma sunan alkama kansa daga Larabci ya zo, haka gurasa. Alkama ba ta fita da damina a jigawa, sai an yi mata ban ruwa cikin sanyi a ɗan lambu, a wurare irin Abzin da bakin Komadugu. Abin da ake samu kaɗan ne, mai tsada, saboda haka a ƙarni na 19 abincin Larabawan Tarabulus da Gadamas ne da sarakunan da suke hulɗa da su. Ga shi kuma yana son mai da yawa, da zuma ko sukari, alhali sukari a zamanin nan kaya ne da matafiya suke ɗaukowa daga bakin teku su yi wa sarki gaisuwa da shi. Alkaki ya fito daga gidajen attajiran Zango da Birni, irin su Malam Yaro, ya bi kayan gara ya shiga gidajen talakawa. Har yanzu ɗabi'arsa ba ta sake ba. Ana yin sa don a nuna, a jera a kwalla a kai gidan miji, dangin ango su ƙirga. Ba wanda ya taɓa kwanciya ciwo ya ce a kawo masa alkaki. Kunu yake nema, ko fura mai tsami.

Kilishi ya fi alkaki daɗewa a hannun talaka, don shanya nama tsohuwar dabara ce ta mai tafiya. Amma labun da ake tsoma shi a ciki tunkuza ce da barkono, su biyun kuwa asalinsu nahiyar Amurka, sun iso mu ne bayan jiragen Turawan Fotugal sun fara zirga-zirga a ƙarni na 16. Ina zaton rumuzu, wanda ba a yi masa labu sai mai da gishiri da ɗan yaji, ya fi kusa da abin da fatake na farko suka sani. Gyaɗa, gujiya a bakinmu, ta zama ruwan dare ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Jirgin nan ya kashe fataucin Tarabulus, ya juya fuskar Zinder daga arewa zuwa kudu. Ƙasar Magarya da Matameye ta koma ta gyaɗa, ana noma ta don biyan haraji, bayan mulkin kai kuma kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 yana saye. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka yi arha har suka shiga kowace tukunya. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa, amma ɗanɗanon ya zauna. Mai tsayawa Gidigir ya sayi kilishi a hanyar Gure, tarihin gyaɗar nan yake ci.

Yanzu bari in zo wurin da ya fi mini nauyi. In ka tara ƴan Damagaram mazauna Yamai ko Kwatano ko Tarabulus ka bar su su yi ta hira har dare ya raba, za ka ji sun bar kilishi sun koma kwaɗon tafasa, da ɗumame da man shanu, da ƙanzo, da soyayyar fara, da garin rogo da ƙuli-ƙuli. Rabin wannan jeri yunwa ce ta koya mana shi.

Faransawa sun ci Zinder a Yulin 1899 bayan yaƙin Tirmini, suka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. A 1906 suka tuɓe magajinsa Ahmadu ɗan Bassa suka kai shi Kodebuwa, gari ya zauna ba sarki sai riƙo har 1923. A cikin wannan tsakani damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar da tsofaffi suke kira Kakalaba. Lokacin Zinder ce babban birnin Nijar, tun 1911 har aka mayar Yamai a 1926, amma zama kusa da gwamna bai cika wa kowa rumbu ba. Haraji bai tsaya ba, kuma da kuɗi ake biyansa, wato sai an sayar da hatsi. Mutane suka kwarara kudu suka tarar da Kano ita ma tana cikin nata. Ban taɓa ganin Kakalaba ta sami ko sakin layi biyu a littafin aji ba, alhali ta kashe mutanen da yaƙin Tirmini bai kashe ko kusa ba.

Daga nan kowane ƙarni da tasa. A yunwar farkon shekarun 1950 garin rogo ya shigo daga Najeriya da yawa, har Zabarmawa suka sa wa shekarar sunan gari. Ta 1973 da 1974 ta kawo jar dawar taimako daga Amurka, ta kuma taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani a Afrilun 1974. Ta 1984 muka sa mata suna El-Buhari, domin a shekarar ce gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe kan iyaka, hanyar da hatsi yake shigowa da wadda ƴan ci-rani suke fita duk suka toshe lokaci guda. Ina ƙarami sosai, abin da na riƙe kawai shi ne launin tuwon, ja wur, da yadda innata take cewa ta ci nata a madafa. Sai da na girma na gane ba ta ci komai ba.

Ta 2005 kuwa da idona na gan ta, ina koyarwa arewa da Tanut. Fara ta ci, ruwa ya ɗauke da wuri, tiyar hatsi ta fi ƙarfin mai gona. Aji ya riƙa raguwa. Mata suka shiga daji ɗibar hanza, wadda wasu suke kira dilo. Ƴaƴanta ɗaci gare su kamar maɗaci, sai an jiƙa ana sake ruwa kwana da kwanaki kafin su ciwu, a ƙasar da ruwan ma sai an yi tafiya. Ƴan jarida na waje suka ɗauki hotunanta a matsayin shaidar yunwa, hukuma a Yamai tana cewa ba yunwa, aka yi ta ja-in-ja a rediyo. Wata tsohuwa da nake saye wa itace ta ba ni hanza da ta dafa da ɗan mai da gishiri, ta ce, "Ɗana, ci. Wannan ita ta riƙe uwata, ita ta riƙe ni." Na ci don kunya. Yau ga shi a nan Zinder akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da yake sarrafa hanza ya sa a leda ya sayar, kuma na sha ganin ma'aikata masu albashi suna saye. Ni ma nakan saya. Matata tana mamaki, ta ce mutum ya rasa abin marmari sai abin da ya ci yana kuka.

Ita ce kuma ta gyara mini tunani a kan fura. Na taɓa yin ƙorafi cewa yaranmu sun fi son shinkafa da taliyar leda, furar ma yanzu ta inji ce, ba ta da ƙamshin turmi. Ta ce, "Malam, turmi yana nan bayan ɗaki, taɓarya biyu ce." Ban sake maganar ba. Gaskiyarta. Tun 1967 aka kafa masana'antar SOTRAMIL a garin nan don a niƙa hatsi a fitar da gari da taliyarsa, a hutar da mata, amma ba ta ɗore ba. Abin da ya hutar da su shi ne ɗan injin niƙa na unguwa, da shinkafar Asiya da take shigowa ta tashar jiragen ruwa, wadda minti 30 ta ishe ta a kan wuta. Macen da take fita aiki ko talla da safe ba za ta yi zaman surfe ba, kuma ba mai ikon ganin laifinta. Damuwata a wani wuri take. Hatsi muna noma shi, shinkafar nan kuwa sai an buɗe mana hanya. Mun gani a 2019 da Najeriya ta sake rufe iyaka, mun kuma gani a 2023 da aka rufe ta kudu gaba ɗaya, yadda farashin buhu yake tashi cikin mako guda. Yaron da harshensa bai saba da hatsi ba, ranar da hanya ta toshe wahalarsa biyu ce.

Shekaranjiya na ba aji aikin gida. Na ce kowa ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa ya tambaye ta me aka ci a gidansu shekarar El-Buhari, ya rubuto layi biyar. Wasu sun kawo jar dawa, wasu dusa, wasu tafasa ba ƙuli. Ɗan Zangon nan mai shinkafa da kaza ya rubuto cewa kakarsa ta ƙi faɗa, ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Na ba shi maki cikakke. Yarinyar kuwa ba ta rubuta komai ba. Ta zo da dawo guda uku ƙulle a leda, ta ajiye a kan teburina ta ce, "Mushe, kaka ta ce a gaishe ka, kuma ta ce a gaya maka nata ba na inji ba ne." Na aiki ɗaya daga cikin masu dariyar nan bakin kasuwar Dole ya sayo nono, muka ari ƙwarya da ludayi a gidan mai gadi. Mu 58 ne a ajin, ludayi ɗai-ɗai ya zagaya.